Yadda Inna Ta Damƙa Mini Allura

Campanário, Madeira
Oktoba, 2015

Zuwa ga Yayata Idalina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ki da dukan mutanen gidanki. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Telmo da yara da jikoki. Allah ya tsare ku a garin nan na Caracas, ya sa albarka a gidan burodinku, ya ƙara wa ɗanmu Duarte ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Matata Zita tana nan tana aikinta na otal a Funchal, ta bi motar safe ta dawo a ta yamma. Ruwa ya sauka da wuri bana, ayaba ta yi kyau, inabin ƙofar gida kuwa ƙadangaru sun ci son ransu sun bar mana saura. Gwiwar nan da ta raba ni da tuƙin babbar mota tana nan yadda kika san ta, in hadari zai haɗo ita ke fara gaya mini. Virgílio ɗan Kawu zai dawo wajenku makon gobe, shi na ba takardar ya kawo miki hannu da hannu.

Abin da ya sa na zauna na rubuta shi ne, a waya ba ma taɓa ƙarasa magana. Ke ki ɗaga murya, ni in ɗaga, Inna kuma tana ɗaki kunnenta ras. Kin sha ce mini in nema mata wuri a gidan kula da tsofaffi, na kuma san tausayina da na Zita ne ya sa kike faɗa. Na kuma san labari ya iso miki cewa ƙaninki ya bar maza ya koma surfanin mata a ƙofar gida. Ba ƙarya aka yi mini ba. Maganar biyu kuwa ɗaya ce, saboda haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Da aka sallamo Inna daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin nan, ban gaya miki duk yadda take ba. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Wannan duk likita ya ce mu sa rai zai yi sauƙi. Abin da ya tsorata ni shi ne ƙin cin abinci. Faten alkama da take so, romon kaza, har soyayyen tuwon masara, duk sai ta datse baki ta juya fuska bango. Sai dai kullum ta ɗaga hannun hagu tana nuna saman kabad. Na sauko mata da carbinta, ta ture. Na sauko da hoton Baba, ta rufe ido. Zita ce ta hau kujera ta lalubo wani ƙunshi can ciki, naɗe da tsohon zanen gado. Tun kafin a kwance na ji warin nan da muka tashi da shi, na shuni da kananzir. Farin lilin ne mai tsawo, an buga masa zanen inabi da zangarniyar alkama. An ɗinke fiye da rabi, sauran kuwa shuɗin layi ne kawai, allura tana soke inda ta tsaya.

Fada Adelino, limamin cocinmu, shi ya warware mana. Yaya, wannan maganar taki ce, Inna kuma ta yarda in faɗa miki yanzu. Ranar da labari ya zo cewa 'yan fashi sun harbi ɗanki Duarte a ƙofar gidan burodi, Inna ta haura zuwa ɗan cocin unguwarmu ta yi bakance: in Allah ya tashi kafaɗun jikanta, za ta yi wa bagade, teburin ibada na cocin, sabuwar shimfiɗa, kuma hannun gidan nan ne zai yi ta daga farko har ƙarshe. Ba ta gaya wa kowa ba sai Fada. Tun lokacin take yi a hankali, mu muna zaton irin aikinta ne na kullum. Yanzu ga hannu ya tafi, ta sa a ranta cewa in ta mutu ba ta cika ba, abin zai koma kan yaron. Fada ya zauna bakin gadonta ya yi ta lallashi, ya ce Allah ya ga niyya, ba ya neman ɗinki daga hannun da shi da kansa ya karɓe. Ta dube shi irin kallon da take yi mana in mun shigo da taɓo a ƙafa, ta juya bango.

Maƙwabciyarmu Dona Gorete, wadda suka yi shekara da shekaru suna surfani tare, ta ce a ba ta, kafin damina ta wuce ta gama. Inna ta ƙanƙame yadin da hannun hagu, ta ƙi saki. Hannun gida ta ce, hannun gida take nufi. Kowa ya juya ya dubi Zita. Zita ta ce mu daina kallonta, mun san rantsuwarta. Uwarta ta ƙare idonta a kan farin yadi tun tana yarinya, ta mutu ba ta gane fuskar jikokinta, kuma ba ta taɓa cin abinci a kan shimfiɗa ko ɗaya da ta ɗinka ba. Ta ce ta gwammace ta wanke bayan gidan otal har ranar mutuwarta da ta zura zare a allura. Ban ga laifinta ba. Ana cikin haka na ji Inna ta damƙi wuyan hannuna. Ta juya tafin, ta duba, ta ja tsaki, sannan ta zare allurar daga jikin yadin ta ɗora mini. Dona Gorete ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce, "Waɗannan yatsun? Ai ayaba ce guda biyar!" Na dubi Inna, ita ba dariya take yi ba. Na ce to, na ji, amma da sharaɗi, sai ta sha fate. A ranar ta sha rabin kwano.

Ba a bar ni na taɓa shimfiɗar ba sai da na daɗe ina fama da tsummoki. Ke kin san aikin, amma ni da na girma ina ganinsa kullum ban taɓa lura da yadda ake yi ba. Ashe babu katako babu komai, a kan yatsan hagu ake naɗe yadin a ja shi ya miƙe, allura kuma ta bi ta kan yatsan. Nawa ya huje ya warke, ya sake hujewa, har ya yi kanta. Da 'yan ƙwayoyin nan masu tudu muka fara, sai 'yan idanu da ake hudawa da tsinke a zagaye bakinsu, sai ɗinkin baki wanda shi ne uban wahala, don dole kowane zare ya kwanta jikin ɗan'uwansa, tsayinsu ɗaya. Kafin in zauna sai na wanke hannu da sabulu da lemon tsami ta duba, saboda ruwan ayaba in ya taɓa lilin ya zauna ke nan har abada. Daga baya ma ta hana ni saran ayaba sai da safar hannu. Tana zaune gefena a kujerar kaba da cokali a hannun hagu. In na ja zare da ƙarfi, ƙwas a bayan hannu. In na saki, ƙwas. In na yi aikin wuni guda ina jin daɗi, ta juya bayan yadin ta duba, ta miƙo mini almakashi in warware.

A nan ne maganarta ta fara dawowa. Mai koya mata magana a asibiti ta yi ta fama da ita ta ce "ruwa", ta ce "na gode", ta ƙi. Kalmar farko da ta fita tas daga bakin Inna, ranar da na ɗinke yadi da wandona, ita ce "jaki". Zita tana kicin ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta ce wa ya yi magana. Inna ta sake maimaitawa, ta nuna ni. Yaya, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Daga jaki aka koma "warware", aka koma "makaho ne kai?", kafin bikin Ista tana haɗa jimla guda, ko da yake sai ka saba za ka gane. Abinci kuwa ta koma ci sosai, ina jin don ta samu ƙarfin faɗa ne.

Aikin yana son hasken rana, saboda haka a kan dakalin ƙofar gida muke zama, ƙarƙashin inabi, inda duk mai hawa ko sauka sai ya gan mu. Matan unguwa suka mai da ni abin kallo, kowace ta zo ta leƙa ta ba da shawara. Maza kuwa, kin san su. Abel mai shagon giyar poncha ba ya wucewa sai ya cire hula, ya mai da sunana na mace, ya ce, "Barka da aiki, Dona Arlinda! In kin gama, ga wandona na ciki yana son fure biyu a baya." Na ce masa bagade ma ya ishe ni, wandonsa kuwa sai an tara matan Campanário duka, don ya fi bagaden faɗi. Na daina zuwa karta na ɗan lokaci, don ina shiga za a fara tambayata ko mijina ya ba ni izini. Wata rana Abel ya zo da nasa kamar kullum, sai Inna ta buga cokali a hannun kujera ta ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Uwarka da allura ta ciyar da kai, mara kunya." Ya tsaya kamar an watsa masa ruwa, ya mai da hularsa ya wuce. Bayan kwana biyu ya dawo ya ajiye mini wani tsinken ƙashi na huda yadi da ya yi santsi don tsufa, ya ce na mahaifiyarsa ne, yana cikin akwati ba ya amfanin kowa. Bai daina kirana Dona Arlinda ba, amma a shagonsa yanzu ba wanda ya isa ya kira ni haka sai shi.

Yawancin rana Dona Gorete takan kawo nata aikin ta zauna tare da mu, kuma daga gardamarsu da Inna na san abubuwan da ban taɓa tambaya ba. Inna ta ce kakarta ta ba ta labari, a zamanin da cuta ta kashe inabin tsibirin nan yunwa ta shiga gidaje, wata 'yar Baturen Ingila ce ta kwashi ɗinkin matanmu ta kai ƙasarsu, aka gani aka yi ta nema, shi ne mata suka riƙe gidaje da allura. Dona Gorete ta ce a daina ba Baturiya ladan da ba nata ba, ai ba ta zo da ɗinkin a jaka ba, samun matanmu ta yi suna yi, tun daga masu zaman zuhudu na Funchal, ita kasuwa kawai ta nemo. Sai su koma kan Jamusawa da suka zo daga baya suka riƙa buga zane a jikin yadi, da Siriyawa da suka karɓa bayan yaƙin duniya na farko suna aikawa Amurka. Inna ta ce a hannun Basiriye uwarta ta yi aiki, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, wakiliya ce ke hawowa da ƙunshi a ka ta raba gida-gida, ta dawo ta karɓa, in ta ga tabo ko zare ɗaya ya kauce ta mayar miki. Ta ce ita tun ba ta fara zuwa makaranta ba aka ɗora mata 'yan ƙwayoyi, kuma takalminki na farko da nawa daga nan suka fito, lokacin da Baba yake neman kuɗi a tsibirin Curaçau, shiru ba aike. Na tambaye ta ko tana son aikin ma kuwa. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta, kuma in duba ganyen da nake yi, ya karkace.

Wajen watan Mayu ta yarda na sa allura a shimfiɗar kanta. Bikin cocinmu ƙarshen Satumba ne, ta ce a ranar take so a shimfiɗa. Na yi ta yi tun safe har rana ta faɗa teku, wuyana ya ƙage, na sayi tabarau. A watan Agusta numfashinta ya sarƙe muka koma asibiti. Can ma ba ta bar ni ba, a bakin gadonta nake aiki kusa da taga, ma'aikatan jinya suna zuwa kallo. A nan ne wata likita ta kira ni gefe ta ce zuciyar Inna ta gaji, magani zai riƙe ta na wani lokaci, amma kada mu yi dogon lissafi. Wannan ma ban faɗa miki a waya ba, don tana ji.

Na ɗinke inabi na ƙarshe saura 'yan kwanaki biki. Sai aka zo kan yanka, wato a bi da ƙaramin almakashi a fitar da yadin da ke tsakanin ɗinki, ya zama huda-huda kamar raga. Kuskure ɗaya ya isa ya ɓata aikin shekaru. Na ɗauki almakashin, na kasa sa shi a yadin, na ajiye. Dona Gorete ta ce ko wannan kaɗai a bar mata, Inna ta girgiza kai. Ranar Lahadi da rana, Zita ba ta da aiki, ta fito ta tsaya a kanmu ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Matsa, kafin ka yanke yatsanka ka ɓata mana yadi da jini." Ta ce yanka ba ɗinki ba ne, rantsuwarta tana nan. Ashe tun tana ƙarama ita ke yi wa uwarta. Almakashin yana tafiya a hannunta kamar kifi a ruwa, Inna ta zuba mata ido, cokali yana kwance a cinya. A wani ganye cikin nawa ɗinkin bai kama ba, tana yankawa ya zame ya buɗe. Zita ta dubi wurin, ta dube ni, ta ce in ba ta allura. Ta gyara shi, ko ni da na san wurin sai na nema nake gani. Ta ce in maganar nan ta fita unguwa in nemi mai dafa mini abinci. Caracas dai ba unguwa ba ce, amma ki riƙe a cikinki.

Muka jiƙa, muka wanke, shunin ya fita, muka shanya a kan ciyawa, Zita ta yi guga yana da ɗanshi. Sai a lokacin na ga abin da muka yi. Ɓangaren Inna kamar a jikin yadin ya tsiro. Nawa kuwa, ko daga bakin ƙofa za ki nuna inda ya fara.

Ranar biki aka tashi da ƙarar wasan wuta da ƙamshin tsire. Kin san matakalar da ke tsakanin gidanmu da coci, keken guragu ba ya hawa, ni kuma ga gwiwa. Abel ne ya zo da mutum uku daga shagonsa suka ɗaure sanduna a kujerar kaba suka ɗauke ta, tana sanye da baƙar rigarta ta zuwa coci, tana yi musu faɗa su daina girgiza ta kamar buhun dankali. Aka ajiye ta a sahun gaba. Fada Adelino ya karɓi shimfiɗar ya shimfiɗa da hannunsa, bai yi dogon bayani ba, ya ce kyauta ce daga gidanmu, a sa wani ɗanmu da ke Venezuela a addu'a. Na dubi Inna, idonta a rufe, leɓenta yana motsi, hannun hagu ya riƙe na dama a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ni ne na fita waje na ɗan tsaya.

Da aka tashi, mata suka yi dafifi a bagade, kowace tana ɗaga gefe tana leƙa baya. Dona Gorete ta ce, yadda kowa zai ji, inabin hagun nan kamar bai samu ruwa ba. Inna ta ce, "Na shekarar fari ne. Amma inabi ne." A gida ta ci tsire har tsinke guda, ta yi barcin da ban ga ta yi irinsa ba tun kafin ciwon.

To Yaya, kin ji dalilin da ya sa Inna ba za ta gidan tsofaffi ba. Ba na cewa wurin ba shi da kyau, kuma ba na cewa da sauƙi. Ɗaga ta da kwantar da ita aiki ne, Zita tana dawowa a gajiye ta kama wani. Amma mun zauna mun yi magana ni da ita, ita ce ma ta fara cewa a bar tsohuwa a dakalinta. Abin da nake roƙonki ɗaya ne: ki zo. Kada ki ce sai bazara, kada ki ce sai al'amura sun daidaita. Ki bar wa Yaya Telmo gidan burodi ki zo Kirsimeti, in da hali ki zo da Duarte ya ga abin da kakarsa ta yi dominsa, ita ma ta gan shi yana tafiya da ƙafafunsa. Ɗakinki na dā yana nan, na gyara rufin.

Ki gaishe mini da Yaya Telmo da kyau, da Duarte da matarsa Yolanda, da Celeste da yaranta, da Gwaggo Otília in har tana gane mutane. Zita tana gaishe ku, Dona Gorete ma ta ce in ba a sa sunanta ba za ta ji haushi. Na karanta wa Inna takardar nan, na tsallake wurin likita, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce in gaya miki ta sa an bugo zanen shimfiɗar tebur babba, ta mutum goma sha biyu, wadda ba za a sayar ba, a gidan nan za a ci abinci a kanta. Ta ce ni ina da jinkiri, ke kuwa hannunki ya fi na kowa kyau kafin aure ya ɗauke ki. Saboda haka in za ki taho, kada ki cika jaka da tsaraba, ki dai tabbata kin zo da tabaranki.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Arlindo